Gen3 Evo, motar tsere ta kuran: abin da ya burge ni da abin da bai yi min ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau ba batirin pano zan yi ma sharhi ba, ba kuma inbata ba, mota ce, irin wadda ba za ka taɓa gani an faka a bakin Katako ba, amma duk wanda ke cin abinci da waya da kuran kamar ni ya kamata ya zauna ya dube ta da idon sana'a. Sunanta Gen3 Evo, an fara sa ta a tseren Formula E, gasar motocin kuran ta duniya, a wasan Sao Paulo ta Birazil a Disamba 2024. Kujera ɗaya, tayoyi huɗu a waje ba rufi, ba isansi ba gazuwal ba buji ba salansa. Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu kar in ja ku da nisa: a wajen tattalin kuran, yadda ba ta barin ko ɗigo ya tafi a banza, ban ga motar da ta kama ƙafarta ba. A wajen taya da girman batir kuwa akwai magana, za mu zo wurin.

Ga wanda bai san asalin abin ba, gasar ta fara ne ranar 13 ga Satumba 2014 a Bejin, ƙarƙashin FIA, hukumar da ke kula da Formula 1 ita ma. Motar farko batirinta kilowat-awa 28 ne kacal, ba ya kai ƙarshen tsere, sai direba ya shigo garaji a tsakiyar wasa ya kwance bel ya diro ya ruga ya faɗa wata motar mai cikakken caji. Shekara huɗu ana haka mutane na musu dariya, kuma masu dariyar suna da hujja, don motar da ba ta iya gama aikinta ba ta yi ma kuran talla ba. A 2018 ƙira ta biyu, Gen2, ta zo da batir mai kusan ninki biyu, canjin mota ya ƙare. Gen3 aka yaye mata ƙyalle a Monako cikin Afrilu 2022, ta fara gudu a Meziko cikin Janairu 2023, daga baya aka gyara ta aka ƙara mata Evo a suna. Cikin shekara goma ƙarfin ya tashi daga kilowat 200 zuwa 350, wajen doki 470 ke nan ga masu lissafi da doki.

Abu na farko da na so a tsarin shi ne ba kowa ke ƙera tashi motar daga farko ba. Gangar jikin ta kabon ce kuma kamfani ɗaya ke yi ma kowa, Spark Racing Technology na Faransa. Batir iri ɗaya ne ga kowa, taya iri ɗaya ta Hankook, injin gaba shi ma iri ɗaya. Abin da aka bar ma su Porsche da Jaguar da Nissan da Mahindra da sauransu su yi da kansu shi ne injin kuran na baya, da inbata, da giya, da ƙafafun baya, sai kuma manhajar da ke tafiyar da komai. Har kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe an sa mishi iyaka, yuro miliyan 13 a kaka ɗaya lokacin da aka kafa dokar a 2022, wajen miliyar 8 da rabi na sefa. Kuɗi ne masu yawa a wurinmu amma a duniyar tseren mota ba wani abu ba ne. Amfanin wannan shi ne idan ka ga wata mota ta wuce wata, ba girman batir ba ne, ba fiffike ba ne, wani injiniya ne ya fi wani iya tatsar gudu daga kuran iri ɗaya. Ni dai wannan gasar ta fi min daɗi a kan wadda mai kuɗi ke saye.

To yanzu ga wurin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan, birki. Wagga mota an zana ta ne ba tare da birkin mai a tayoyin baya ba. Ku sake karantawa. Motar da aka ce tana iya kai kilomita 322 a awa, kuma a baya ba birkin da muka sani na faranti da takalmi da direba ke dogara da shi in zai shiga kwana. Injin kuran ɗin da ke tura ta shi ne ke tsayar da ita. Da zarar direba ya taka birki, inbata sai ta juya aikin, injin ya daina cin kuran ya koma haifar da shi, tayar ce yanzu ke juya injin, kuma nauyin juyawar nan shi ne ke rage gudun, kuran ɗin da aka samu kuma ya koma cikin batir. Na baya yana iya maido kilowat 350, akwai wani injin a gaba mai maido 250, jimilla 600. Ku lura da lissafin nan da kyau: tana gudu da 350 amma tana karɓa da 600, ma'ana ta fi ƙarfi wajen tarawa a kan kashewa. Masu gasar sun ce sama da kashi 40 cikin 100 na kuran ɗin da motar ke amfani da shi a tsere daga birki yake fitowa. A motar isansi duk wannan zafi ne kawai yake zama a faranti iska ta ɗauke shi.

Yaron garajinmu da na ba shi labarin nan bai yarda ba, ya ce "Maigida, ta yaya inji zai zama birki, ai sai dai ya ƙone." Sai na ce ya ɗauko min tsohuwar fankar lagireto mai volt 12 da ke jingine a bayan teburi. Wayoyinta biyu a sake, na ce ya buga fiffiken da yatsa, ya buga ta yi ta juyi har ta gaji ta tsaya don kanta. Na fere bakin wayoyin na murɗe su tare na ce ya sake bugawa, ya buga, ko zagaye biyu ba ta cika ba ta cije. Ya sake da ƙarfi, haka dai. Daga nan muka raba wayoyin muka ɗaura musu ƙaramin ƙwan tablo, muka juya fankar da injin huji, ƙwan ya yi ja ya kawo haske. Ya daɗe yana riƙe da wayar yana dubanta, sai ya ce "Ashe wutar da ke cikin ƙwan nan ita ce nauyin da nike ji a hannuna." Ita ce fa. Abin da Gen3 ke yi ke nan, sai dai ita da ɗaruruwan volt take yi kuma kwamfuta ce ke auna shi sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, tana raba aikin tsakanin injin gaba da na baya da birkin mai na Brembo da ya rage a tayoyin gaba, ta yadda direba a ƙafarshi zai ji kamar birki ɗaya ne yake takawa. Haɗa abubuwa uku su ba da ji ɗaya a ƙafa, a kowace kwana, batir na da zafi ko babu, wallahi nan ne aikin yake, ba a fenti ba.

Amma ba zan rufe muku wani abu ba don ina son motar. Dabarar nan ta zo da haɗarinta. Idan kuran ya yanke a cikin motar ko kwamfuta ta kashe kanta, to birkin baya ya tafi tare da su. A lokacin gwaji kafin kakar 2023 an samu direbobi da suka daki bango da ƙarfi, har sai da FIA ta sa aka ƙara birkin gaggawa a baya wanda ke kamawa in tsarin ya mutu. Ni a ganina wannan abu ne da ya kamata ya kasance a takardar zane tun ranar farko, duk mai aikin kuran ya san ba a dogara da hanya ɗaya, kullum ana barin ta biyu saboda ranar da ta farko za ta ƙi. An gyara, madalla, amma rayuwar mutum ce ke cikin kujerar nan. Wani abin da suka yi daidai a wannan fanni shi ne fitilar da ke saman motar, kore na nufin za a iya taɓa ta, ja na nufin a ja baya kuran na iya kasancewa a jikinta, kuma masu ɗauke mota daga hanya da safar roba mai kauri suke zuwa. Ina ma masu haɗa batiran litiyam a gidajen mutane a nan Yamai za su ɗauki ko rabin wannan taka-tsantsan ɗin.

Bambancin Evo da Gen3 ta farko a injin gaba yake. A da injin nan tara kuran kawai yake yi, ba ya tura mota ko kaɗan, kana ɗauke da inji mai kyau amma an ɗaure mishi hannu, abin yana ba ni haushi sosai lokacin. A Evo an sake shi, amma a wurare uku kaɗai: lokacin tashi daga layi, lokacin karon mutum biyu-biyu na neman wurin farawa, da lokacin abin da suke kira Attack Mode. A nan tayoyi huɗu duka ke ja, kuma motar tana tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 1.86, ta fi motar Formula 1 saurin tashi. Ba kuloci ba canjin giya, yawancinsu giya ɗaya ce tal, saboda injin kuran yana ba da dukkan ƙarfin murɗawarshi tun daga juyin farko. In ka kalli tashin a bidiyo daga kyamarar da ke kan direba za ka ga kanshi ya manne da baya kamar an tura shi.

Shi Attack Mode ɗin, direba zai bar layin da ya fi sauri a wata kwana ya bi ta gefe inda aka shimfiɗa na'urori a ƙasa, ya yi asarar wuri ɗaya ko biyu, a ba shi kilowat 350 maimakon 300 na 'yan mintuna. Lokacin Gen3 ta farko ƙarin bai cika amfani ba don tayar baya ce kawai ke ja kuma sai ta riƙa sulɓewa, direbobi na ɗaukarshi ne don doka ta tilasta. Da Evo abin ya zama makami na gaske, mai shi yana fitowa daga kwana ya wuce mutum uku kafin su farga. A wancan wasan farko na Sao Paulo, Mitch Evans na Jaguar daga can ƙarshen layi ya taso kuma shi ya ci.

Yanzu batir, inda nike da ƙorafi mafi girma. Kuran ɗin da aka yarda direba ya kashe a tsere wajen kilowat-awa 38 da rabi ne. Lita ɗaya ta isansi tana ɗauke da kusan kilowat-awa 9, ke nan duk tseren nan na kusan minti 45 ana yinshi ne da ƙarfin da bai kai na lita 5 ba. Ta wani ɓangaren abin alfahari ne, yana yiwuwa ne don injin kuran yana maida wajen kashi 95 na abin da ya ci zuwa juyi, injin mai kuwa in ya kai 40 ya yi ƙoƙari. Kuma an rage nauyin batirin da kilo 100 daga na Gen2, daga 385 zuwa 284, motar duka da direba wajen kilo 850 ce, ta fi gajarta ta fi sauƙin juyawa a titunan gari masu matsi. Amma ta ɗaya ɓangaren, kuran ɗin ya yi kaɗan ga ƙarfin da aka ba ta, sai ya zama a wasu filayen ba mai son zama gaba a farkon tsere, saboda na gaba shi ke fasa iska yana kashe kuran, na bayanshi na laɓe yana tarawa. Sai ka ga mota ashirin da wani abu sun dunƙule wuri ɗaya, biyu-biyu uku-uku, kowa na ɗaga ƙafa tun kafin kwana, wannan ya ba wancan hanya da gangan. A Portland ta Amurka a 2023 an ƙirga wuce juna sau 403 a tsere ɗaya. Masu gasar sun yi ta tallar adadin, ni kuwa yawancin wucewar nan ban ɗauke ta wucewa ba, don ba a ƙwace ta aka yi ba, bayarwa aka yi. Sai zagaye na ƙarshe-ƙarshe ne injiniya zai ce ma direba a rediyo kuran ya isa, ka sake ta, a nan ne kake ganin motar gaskiya. Wanda ya fahimci lissafin zai ji daɗin dabarar, idonshi na kan kashin batir da ake nunawa kusa da sunan kowane direba, amma in ka zaunar da aboki a fada wanda ya saba da Formula 1 zai tambaye ka me ya sa suke tafiya a hankali, kuma tambayar tashi ba ta banza ba ce.

Cajin gaggawa da suka kira Pit Boost shi ma ya makara, tun farkon Gen3 aka yi alkawarinshi amma sai a Jidda cikin Fabrairu 2025 aka fara amfani da shi a tsere. Mota ta shigo, mutum ɗaya ya soka mata bakin caji a baya, wajen daƙiƙa 30 ana zuba kuran da ƙarfinshi ke kaiwa har kilowat 600, ta samu ƙarin kashi 10, wato kilowat-awa 3.85. Don ku ji nauyin abin, batirin nan mai volt 12 amfiya 200 da muke sa ma mutane a gida kilowat-awa 2.4 yake ɗauka in ya cika, kuma yini guda yake yi a rana kafin ya cika. Wannan ta sha fiye da ɗaya da rabi nashi kafin ka gama zuba shayi a kofi. Da na ga haka abin da ya zo min a rai shi ne zafi, don duk wanda ya taɓa wayar caji da ta yi sirara ya san yadda kuran mai yawa ke dafa ƙarfe, to ina ga wannan. Sanyaya batirin da ke karɓar 600 a birki, ya ba da 350 a gudu, ya sake karɓar 600 a caji, wannan shi ne aikin da ba a gani a tale amma shi ke riƙe da komai.

Maganar zafi ta shafe mu kai tsaye. Batirin litiyam in ya wuce wani mizanin zafi kwamfuta na rage mishi ƙarfi don ta kare shi, kuma an ga haka a gasar, kamar tseren Santiago na Janairu 2019 da aka yi cikin tsananin rana inda sanyaya batir ya zama babban aikin direbobi, haka Jakarta mai zafi da gumi. Mu da ke ganin digiri 45 a Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ke toshe kowane lagireto, abin da injiniyoyin nan ke koya game da sanyaya batir shi ne zai yanke ko motar kuran za ta yi ƙarko a ƙasarmu. Shi ya sa nike bin abin, ba don gudun kawai ba.

Taya kuwa a gaggauce. Iri ɗaya ce ko rana ko ruwa, mai zane kamar ta motar gida, ba irin sumul ɗin Formula 1 ba, kuma kaɗan ake ba kowace mota. Niyyar mai kyau ce, a rage ɓarna da jigila. Amma ta 2023 ta yi tauri da yawa, direbobi sun yi ta kukan ba ta kama ƙasa, ƙarfin da aka ƙara ma motar yana tafiya a sulɓi. Ta Evo an sassauta ta, kashi 35 na kayan da aka yi ta da su sake-sarrafawa ne ko masu ɗorewa, kuma ta fi kamu, sai dai har yanzu ina ganin tayar ce ke riƙe motar baya. Fiffiken gaba na Gen3 ma da an ɗan goga sai ya karye ya shige ƙarƙashin mota, a Evo an ƙara mishi ƙwari, wannan gyara ne da ya dace da tseren da ake yi kafaɗa da kafaɗa.

Wani dattijo mai kawo mana motarshi gyara ya ga ina kallo a waya, ya sa kunne ya ce "Ɗana, wannan ai ba ta da murya." Tana da ita Baba, siririn fito ne da ke hawa sama in ta ɗauki gudu ya sauko in ta kama birki, kuma saboda ba rugugin inji kana jin kukan taya da ƙarar ƙasan motar in ta hau gefen hanya. Ni da kunne nike gane lokacin da take tara kuran. Na san ba kowa zai so shi ba, wanda ya tashi da ƙarar salansa zai ji kamar an rage wani abu.

Abin da ke min ciwo shi ne Afirka. An yi tsere a Marakesh ta Maroko tun 2016 har zuwa 2022, an yi na Cape Town a Fabrairu 2023 wanda António Félix da Costa ya ci da Porsche bayan wata wucewa mai ban tsoro ta gefen bango, kuma a ranar ne motocin da ke amfani da kayan Mahindra suka janye saboda matsalar ƙafar baya. Gen3 Evo kanta da ta zo ba ta samu wannan damar ba a kakarta ta farko, wadda Oliver Rowland ya ɗauke da Nissan a 2025. Nahiyar da ke da rana fiye da kowa, kuma da yawan ma'adinan batir daga ƙasarta ake tono su, bai kamata a ce sai a waya yaranmu za su ga motar nan ba. A yanzu dai YouTube ɗin gasar ne mafita, suna sa taƙaitaccen kowane tsere kyauta kuma ba ya cin data da yawa, in za ku kalla ku nemi wanda ke nuna sitiyari da kashin batir.

Wadda za ta gaje ta, Gen4, an riga an nuna ta, za ta fara a kakar 2026 zuwa 2027 da kilowat 600 na gudu da 700 na tarawa, tayoyi huɗu na ja ko da yaushe, batir kilowat-awa 55, tayar kuma ta koma hannun Bridgestone. Injin gaba an kwance mishi hannu gaba ɗaya ke nan, abin da na daɗe ina so. Batirin ya ƙaru amma ƙarfin ma ya ƙaru sosai, don haka abin da zan fara dubawa a tseren farko shi ne ko na gaba zai yarda ya zauna gaba tun daga zagaye na ɗaya.